Yadda Ake Dasa Itatuwan Marmari a Tsakar Gida Su Tsallake Ranin Farko

Duk shekara in damina ta kankama za ka ga masu sayar da dashe sun jera leda-leda a bakin titi, mutane na tsayawa da mota da babur suna saye. Wannan ya ɗauki mangwaro, wancan gwaba, wata ta ce a ba ta lemun tsami biyu. Ka koma gidajen nan a watan Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta, ka tambayi labarin dashen. Da yawa sai dai a nuna maka busasshen tsinke a gindin katanga, a ce ƙasar gidan ce ba ta karɓar shuka, ko a ce hannun wane ba shi da albarka. Ni kam ban yarda da wannan magana ba, kuma tana ba ni takaici, don tana sa mutum ya haƙura da abin da yake iya gyarawa. Abubuwan da ke kashe dashe a wajenmu sanannu ne: ramin da ba a gyara ba, dasawa a makare, akuya, sai kuma ƙishirwar ranin farko.

A Kano da Katsina da Maraɗi ruwan sama na gaske wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Zariya da Kaduna sun ɗan fi samu. Daga nan sai wata bakwai zuwa takwas babu ɗigo, hunturu ya busar da ganye, bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40. Duk abin da zan faɗa a nan shiri ne na wannan dogon rani.

Fara da lissafin ruwa

Kafin ka sayi dashe ko ɗaya, zauna ka tambayi kanka ruwa nawa gidanka zai iya bayarwa a watan Maris da Afrilu, ba a watan Agusta ba. Ƙaramar bishiya ɗaya tana bukatar kimanin lita 20 a kowane ban ruwa, sau biyu zuwa uku a mako da hunturu, kwana ɗaya bisa ɗaya da bazara. In daga ɗan garuwa kake sayen ruwa, bishiya huɗu kusan jarka huɗu ke nan a kowane zagaye. Mai rijiya ko burtsatse yana iya ƙarawa. Wanda ruwansa kaɗan ne ya dasa biyu ya riƙe su da kyau, badi ya ƙara biyu. Bayan shekara biyu zuwa uku mangwaro da gwaba sun kafa saiwa, bukatarsu ta ragu sosai, sai ka juya ruwan ga sababbi.

Akwai ruwan da muke zubarwa kullum ba mu lissafa shi: na alwala, na wanke shinkafa da kayan miya, na ɗaurayar kwanuka. Gidan da ke da mutum shida masu alwala sau biyar a rana yana iya raya bishiya da wannan kawai. Shi ya sa nake ba da shawarar a dasa lemun tsami ko gwaba kusa da wurin alwala, a ja 'yar kwata zuwa gindinta. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa a nisantar da shi, gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa ya ƙone saiwa a hankali.

Zaɓen wuri

Itacen marmari yana son rana, aƙalla awa shida a yini. Tsaya a tsakar gidanka da safe, da azahar, da la'asar, ka ga inda inuwar gini ke faɗawa. Sannan ka dubi abin da ke ƙarƙashin ƙasa da abin da ke sama: harsashin gini, sokawe, masai, bututun ruwa, wayar lantarki.

Mangwaro babban itace ne, dashen da kake riƙe da shi a hannu ɗaya yau zai rufe rabin tsakar gida. Ka ba shi aƙalla mita 5 zuwa 6 daga gini da sokawe, tsakaninsa da wani mangwaron kuma mita 8 zuwa 10. Lemu mita 5 zuwa 6 tsakani, gwaba mita 4 zuwa 5, gwanda mita 2 ya isa. In babu abin awo, dogon takun babban mutum ya kusa mita ɗaya. Ka tuna da maƙwabci kuma. Reshen da ya tsallaka katanga yana zubar da ganye a gidan wani, yara na jifa duwatsu na faɗawa kan rufinsa, ya sha ɓata zumunci. Gidan da filinsa bai kai ba ya bar mangwaro, ya kama gwaba, lemun tsami, ruman, gwanda da zogale.

Sayen dashe

Nan ne aka fi cutar mutane. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yana iya ɗaukar shekara 5 zuwa 8 kafin ya yi 'ya'ya, kuma ba lallai ya ɗauko halin uwarsa ba. Mai aure kuwa, wato wanda aka ɗauko reshen iri mai kyau aka haɗa shi da gindin wani, yakan fara a shekara 3 zuwa 4, kuma irin da aka ce maka shi za ka samu, Binta Suga ne, Pita ne ko Juli. Haka lemun zaƙi da tanjarin, mai aure ake nema.

Kada ka tsaya ga maganar baki. Tsuguna ka duba karan, kimanin ɗani ɗaya ko biyu daga bakin leda. Za ka ga tabo ko ɗan kumburi ko karkata a wurin da aka haɗa, wani lokaci da ragowar ledar da aka ɗaure shi da ita. In karan santal yake daga ƙasa har sama, ba mai aure ba ne. Ni an taɓa sayar mini da irin wannan a bakin hanya a kan mai aure ne. Shekara shida ina ba shi ruwa, da ya tashi yi sai ƙananan 'ya'ya masu zare da tsami. Tun daga nan ba na sayen dashe ban tsuguna ba.

Ɗaga ledar kuma ka duba gindinta. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge ta, ko ta nannaɗe kamar gammo, dashen ya daɗe a leda, zai wahala kafin ya kama. Zaɓi matsakaici, mai tsawon gwiwa zuwa cinya, mai koren ganye mara tabo, ka juya ganyen ka tabbata babu fararen ƙwari a bayansa. Wanda ke kusa da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda a jihar Kano ko Daɗin Kowa a jihar Gombe, ko cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ya je ya nemi shawararsu kan irin da ya dace da yankinsa. Mai sha'awar dabino kuma Dutse ne wurin tambaya, inda reshen cibiyar binciken kwakwar manja da dabino ta NIFOR yake. Sai dai ya sani dabino akwai mace akwai namiji, daga ƙwallo ba ka sanin wanda ka samu sai bayan shekaru.

Ramin, wanda shi ne uwar aikin

Yawancin mutane sukan tona rami daidai girman leda, su zura dashen su rufe. A ƙasar gidajenmu, wadda aka take da tipa aka cika da marmara da ɓaraguzan bulo, wannan kamar dasa shi ne a cikin tukunya. Saiwar za ta yi ta zagaye a wuri ɗaya, ruwa ya kwanta mata da damina, ta ƙone da rani.

Ka tona ramin tun a watan Mayu, kafin ruwa ya zauna. Faɗi santimita 60, tsawo 60, zurfi 60, wato ya ɗan wuce gwiwarka in ka shiga. In ƙasar fako ce ko marmara, sa diga ka kai shi mita ɗaya. Ƙasar sama, wadda ta fi duhu, tara ta gefe guda. Ta ƙasa, ja ko fara, tara ta wani gefen. Tsince duwatsu, leda, ɓaraguzan siminti da duk wani guntun itace ko tsohon kututture, don su ne ke kiran gara. Bangon ramin in ya yi sulɓi saboda shebur, ka kakkarce shi da bakin diga domin saiwa ta samu wurin kutsawa.

Sai gwajin ruwa, kada ka tsallake shi. Cika ramin da ruwa da yamma. In ka dawo washegari da yamma ka tarar ruwa na kwance, wurin ba ya tsane ruwa. Ko dai ka fasa gindin ramin da diga har ka wuce dandaryar, ko ka tayar da ƙasa ka yi tudu kamar kunya ka dasa a kai, ko ka canja wuri. Gwanda musamman, kwana ɗaya ko biyu da ruwa a gindinta ya isa ya ruɓar da ita. In kuma ruwan ya ɓace cikin 'yan mintuna, jigawa ce, tana son taki mai yawa don ta riƙe laima.

Yanzu haɗi. Gauraya ƙasar saman nan da kwanon sarki ɗaya zuwa biyu na ruɓaɓɓen taki, kashin shanu ko na awaki da tumaki, ko takin juji da aka tace aka cire leda da kwalba. Kalmar ruɓaɓɓe ita ce abin lura. Na taɓa zuba ɗanyen kashin kaji a ramin lemu biyu, ina ganin gata na yi musu. Cikin kwana goma ganyen ya naɗe, bakinsa ya yi kamar an babbaka, duka biyun suka tafi. Na kai kuka wajen wani dattijo mai lambu a bakin rafi, na ce, “Baba, taki na sa musu mai kyau, amma sun ƙone.” Ya kai ni inda ya tara nasa, ya ce, “Ɗana, sa hannunka a nan.” Na tura hannu cikin sabon tulin, zafi kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Ya ce in sa a tsohon. Sanyi ƙalau, baƙi, yana marmashewa a hannu, ba wari sai ƙamshin ƙasa. Ya ce wannan ne abincin shuka, wancan wuta ce. Don haka ka tara takinka wata biyu zuwa uku kafin lokaci, kana yayyafa masa ruwa kana juyawa, sai ya huce.

Mayar da haɗin cikin rami har ya ɗan yi tozo, don zai zauna. Ƙasar ƙasan da ta rage da ita za ka yi kewayen riƙe ruwa. Soka tsinke a tsakiya don alama, ka bar shi mako biyu, ko ruwan sama biyu ya dake shi.

Ranar dasawa

Lokacin da ya fi shi ne da zarar ruwa ya zauna, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Dashen zai samu wata uku na ruwan sama ya miƙa saiwa kafin iska ta juya. Wanda ya dasa a Satumba ya jefa jariri cikin rani, sai in yana da ruwa wadatacce.

Dasa da yamma bayan la'asar, ko ranar da hadari ya rufe rana. Jiƙa ledar tukuna don ƙasarta ta haɗe. Buɗe rami a tsakiyar haɗin daidai girman leda. Yanka gindin ledar da reza, ka tsaga gefenta, ka zare ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Kada ka binne dashe da leda. In akwai saiwar da ta nannaɗe a gindi, yanke wurin da ya lanƙwashe.

Zurfin da yake a leda, shi zai zauna a ƙasa, kada ka ƙara ko yatsa biyu. Gaɓar auren kuwa ta tsaya sarai a sama, aƙalla ɗani guda daga ƙasa. In ƙasa ta rufe ta, ruɓa na shiga ta nan, musamman ga lemu. Tura ƙasa ka danna da hannu, sannan da tafin ƙafa a hankali daga gefe. Yi kewaye mai faɗin taku guda, ka bar ɗan tudu a jikin karan ta yadda ruwa zai zagaye shi bai taɓa shi ba. Lemu in ruwa na kwanciya a jikin karansa sai ka ga ɓawon ya tsage yana fitar da ƙaro, daga nan sai bushewa. Zuba bokiti biyu nan take ko da an yi ruwa jiya. Kafa sanda a gefen da iska ke bugowa, ka ɗaure dashen da tsumma sako-sako, ba da waya ba.

Gwanda tana da nata sha'ani. Akwai mace, akwai namiji, akwai mai haɗe da duka biyun, kuma ba a ganewa sai ta yi fure. Dasa uku a wuri ɗaya, tsakaninsu ɗani biyu. In fure ya fito, namiji shi ne mai dogayen zangarniya da ƙananan furanni birjik, mace kuma furenta babba ne manne da kara. Bar mai ƙarfi ɗaya mai yin 'ya'ya a kowane gurbi, namiji ɗaya ya ishi gida. Cikin wata 9 zuwa 12 za ka fara tsinka, shi ya sa nake cewa duk mai dasa mangwaro ya dasa gwanda a gefe, ita za ta riƙa faranta wa yara rai kafin babban ya iso.

Kariya a ranar, ba gobe ba

Akuya ba ta jira. Minti biyu ya ishe ta ta cinye toho, kuma in ta ci daga gaɓar aure zuwa sama, abin da zai sake fitowa gindin banza ne. Kafin ka wanke hannu ka kewaye dashen: bulo da aka jera da tazara don iska, ragar waya, tsohon kwando mara gindi, ko ƙayar magarya. Tsawon ya kai ƙirjin mutum, don akuya na miƙewa da ƙafa biyu. Kaji ma suna tone gindi, 'yan duwatsu ko ƙaya a kan kewayen suna hana su. Yara kuma ka ba kowa bishiyarsa da sunansa, za ka ga mai karya reshe ya koma mai gadi.

Tsallake rani

Daga Oktoba aikin gaske ya fara. Abu na farko, rufe gindin da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa ko busasshen ganye, kauri kamar yatsa huɗu, har iyakar kewayen. Ƙasar da aka rufe tana riƙe laima kwanaki, tsirararta kuwa kafin azahar ta bushe. Amma bar tazarar tafin hannu tsakanin rufin da karan, saboda gara da ruɓa.

Abu na biyu, ban ruwa mai zurfi. Yayyafin kullum da moɗa yana jiƙa sama kawai, saiwa ta taso sama tana bin laima, rana ɗaya ka yi tafiya ta ƙone. Zuba da yawa lokaci guda ya nutse, ka bar kwana biyu ko uku. Da sassafe ko da yamma. In kana shakka, tura yatsa cikin ƙasa har iyakarsa: in ka ji laima, bari sai gobe. Yawan ruwa ma na kashewa, kuma alamarsa na kama da ta ƙishirwa, ganye ya yi rawaya ya langaɓe.

Dabarar da na fi so ita ce ta tulu. Sami tulun ƙasa wanda ba a shafa masa siminti ko fenti ba, ka binne shi har wuya kamar ɗani biyu daga karan, ka cika shi da ruwa ka rufe bakin da murfi saboda sauro. Ruwan na tsattsafowa ta jikinsa a hankali, daidai inda saiwa take, rana ba ta shan komai. Cikawa ɗaya na kai kwanaki. In ka tone gefensa bayan wata uku za ka ga fararen saiwoyi sun lulluɓe shi kamar gashi. Wanda bai samu tulu ba ya huda gindin babbar gorar roba da allura mai zafi wuri uku ko huɗu ya binne.

Da hunturu, in dashen na wurin da iska ke kaɗawa, tsaya masa da zana ta gabas da arewa. Da bazara kuma ɗan rufin ciyawa a sama yana rage masa zafin tsakar rana. Wani abin da ke da amfani: shuka alayyafo, yakuwa, salak ko albasa a bakin kewayen. Uwargida ba za ta bari kayan miyarta su bushe ba, bishiya kuma ta sha a dalilinsu.

Gara takan fi kama dashen da ƙishirwa ta raunana. In ka ga hanyar ƙasa ta hau kara, kankare ta, barbaɗa toka kaɗan da dakakken ganyen darbejiya a kewaye, ka gyara ban ruwa. In ta yi yawa, nemi magani a shagon kayan noma, ka bi awon da ke jikin kwalba daidai. Toka kada ta yi yawa a gindin lemu, ita da ɓaraguzan siminti suna sa sabon ganye ya fito rawaya da korayen jijiyoyi.

Taki da aski

Takin zamani ba na ranar dasawa ba ne. Jira mako shida, sai ka ga sabon toho. Sannan ɗauki rabin ƙaramin gwangwanin tumatir na NPK 15:15:15, ka ja layi zagaye ɗani biyu daga kara, ka barbaɗa ka rufe ka ba da ruwa. Maimaita sau ɗaya kafin damina ta ƙare. Kowace shekara ka ƙara awon, kana faɗaɗa zagayen zuwa inda inuwar ganye ta tsaya, don nan ne saiwar da ke ci take. Takin gargajiya kuwa kwanon sarki ɗaya ko biyu a farkon kowace damina. Gwanda da ayaba sun fi kowa ci da sha.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mangwaro ya kai ƙugunka, datse kansa da almakashi mai kaifi. Zai fitar da rassa da yawa, ka zaɓi uku ko huɗu masu kallon ɓangarori daban-daban, ka cire sauran. In waɗannan suka yi kamu biyu, sake datse su. Haka za ka samu gajeren itace mai faɗi wanda ake tsinka da hannu, ba wanda yara za su riƙa hawa suna faɗowa ba. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure, cire shi ranar da ka gan shi, in ba haka ba zai rinjayi na sama.

Akwai abin da ke da wuyar yi amma dole ne. Mai aure yakan yi fure tun shekarar farko, kana murna. Tsinke furen, na shekarar farko da na ta biyu. Ƙaramin itace in ya ɗauki 'ya'ya yana tsumburewa. Idan ya girma kuma, mangwaro na son a janye masa ruwa daga ƙarshen damina har furen hunturu ya fito, sai a dawo da ban ruwa in 'ya'ya sun ƙulla. Mai zuba masa ruwa da yuriya kullum ganye zai yi ta samu.

Ƙwari

Darɓa da fararen ƙwarin nan masu kama da auduga suna taruwa a toho da bayan ganye, alamarsu tururuwa na hawa da sauka, ganye na yin baƙi kamar hayaƙi. Daka 'ya'yan darbejiya da aka ɓare, kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, jiƙa su kwana, tace, sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma har bayan ganye, sau ɗaya a mako. Tsutsar lemu mai cin ganye da hannu ake tsince ta.

Wanda ya fi ɓarna shi ne ƙudan 'ya'yan itace, wanda ke huda gwaba da mangwaro ya yi ƙwai, ka fasa ka tarar da tsutsa. Irin da ya fi damunmu daga Asiya ya fito, an fara ganinsa a Afirka a Kenya a 2003, ya bazu har yankinmu. Tsutsar a ƙasa take zama ƙuda, don haka kada ka bar 'ya'yan da suka faɗo su kwana. Tattara su a baƙar leda, ɗaure, ka ajiye a rana kwanaki, ko ka binne su da zurfin gwiwa. Gwaba kuma tun tana kamar ƙwan kaza ka sa mata jakar takarda ka ɗaure.

Mai gidan haya, ko wanda aka shafe tsakar gidansa da siminti, ya yanka duro biyu, ya huda gindin, ya zuba tsakuwa sannan haɗin ƙasa da taki. Lemun tsami da ruman suna yi a ciki, sai dai ban ruwansu ya fi yawa.

Koriyar ciyawa

Kowa na son ɗan koren fili inda yara za su yi birgima a shimfiɗa tabarma da yamma. Amma ciyawa ta fi bishiya shan ruwa nesa ba kusa ba. Da rani kowace murabba'in mita tana neman kusan lita 5 a rana, da bazara fiye. Fili mai mita 4 a 5 ke nan lita 100 kullum, jarka huɗu. Don haka ka yi shi ƙarami, kuma sai bayan bishiyoyi sun samu rabonsu.

Ciyawar da ta fi jure mana ita ce kirikiri, wadda ke yaɗo a bakin rafi da filayen ƙwallo. Tana son rana, ba ta yi a inuwar mangwaro. Kafce wurin da zurfin ɗani guda, ka tsince aya-aya da 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa, da tofa da ƙarangiya. Ba shi ruwa ka jira mako biyu, abin da ya tsiro ka sake nomewa. Wannan jiran shi ke raba ka da wahalar shekaru. Baza ruɓaɓɓen taki, daidaita da manjagara, ka ɗan karkatar da filin don ruwa ya gudu daga gini. A Yuni ko Yuli ka yayyanka yaɗon kirikiri gaɓa uku-uku, ka dasa layi-layi tsakani ɗani guda, ka take da ƙafa. Cikin wata biyu na damina zai haɗe.

Yanka da langalanga mai kaifi ko injin yanka, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda, ka bar ta kamar yatsa biyu zuwa uku. Yawan yanka shi ke sa ta yi kauri. In ta yi fari-fari, barbaɗa yuriya kaɗan da yamma ka bi da ruwa nan take, in ba haka ba za ta ƙone tabo-tabo. Kewaye filin da bulo da aka binne rabi, don kirikiri na kutsawa cikin fangalin kayan miya, kuma ka hana ta matsowa taku guda daga gindin kowace bishiya. Abin da ka yanke ka shanya ya bushe, shi za ka rufe gindin dashenka da shi. In ruwa ya yi wuya a Maris da Afrilu, janye wa ciyawar ka ba bishiyoyi. Kirikiri za ta yi ja kamar ta mutu, amma saiwarta na nan da rai, ruwan farko na Mayu ko Yuni in ya sauka cikin mako guda za ka ga kore ya fara ɓullowa.